Yadda Ake Haɗa Ƙasashe Uku da Keken Ɗinkin Yaya

Kai mai son a kira ka gwanin fasahar zamani alhali ko zanen kaza ba ka iya ba, kwantar da hankalinka, ka zo inda ake maganin abin. Matakai shida ne. Duk wanda ya bi su, na yi masa alkawarin ganin sunansa da manyan baƙaƙe a bangon zauren baje koli cikin wata uku. Wani ɗalibina da ake kira Darakta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da shi zan yi maka misali.

Mataki na 1: Gyara shiga tukuna

Sayi tabarau mai kauri ko da idonka garau yake. Rataya ƙyalle a wuya ko ana zafi. In an tambaye ka sana'arka, kada ka ce zane ko fim, don za a ce ka nuna. Ka ce kana binciken alaƙar haske da tunanin al'umma. Darakta ya shekara huɗu yana wannan bincike a kan benci a shagon yayarsa, inda akwai fanka da wurin cajin waya.

Mataki na 2: Nemo abokan aiki daga nesa

Abokin aiki na kusa fitina ne, ya san iyakarka. Nemo waɗanda ba ku jin harshen juna. Darakta ya samu biyu ta intanet: wani Mai Gemu a wata ƙasa, da wata Farfesa a ƙasa ta uku. Duk mako suna taro ta bidiyo, rabin lokacin ya tafi a "kuna ji na?", sauran rabin kuma tafinta na neman kalma. Kai dai ka yi ta gyaɗa kai. Bayan wata biyu suka amince cewa al'adunsu sun yi kama ƙwarai, tunda ba wanda ya fahimci ta wani.

Ga abin da suka tsara: kowa zai kawo kayan sana'ar hannu daga gidansu, a liƙa masa 'yan wayoyi masu jin motsi, motsin ya koma haske da sauti a manyan alluna, a buɗe rana ɗaya a ƙasashe uku, kowane zaure na kallon sauran kai tsaye. Mai Gemu zai kawo masaƙar mahaifiyarsa, Farfesa faifan juya tukwane na mahaifinta. Darakta ya ɗaga ido, sai ga keken ɗinkin Yaya.

Mataki na 3: Samo mai aikin a cikin gida

Kowane gida akwai wanda ya iya abu bai iya surutu ba. Shi ne jarinka. Yaya ta shekara ashirin tana taka keken nan, da shi ta riƙe Darakta a makaranta. Da ya nemi aronsa na kwana goma ta ƙi, don akwai ɗinkin mutane jibge a kan tebur. Ya yi ta lallashi har ta kafa sharaɗi ɗaya.

"Auta, ba na son komai naka. Amma in za a rubuta suna a bango, a rubuta nawa. 'Ya'yana su gani."

Ya rantse. Kai ma ka rantse, ba a biyan haraji a kan rantsuwa. Yaya ta rufe shago, ta kwana uku tana taka keke babu yadi yayin da masu haɗa waya ke gwaji. Sau biyu ta ce ya zo ta nuna masa yadda ake tayar da keken, sau biyu ya ce yana taro da ƙasashen waje.

Mataki na 4: Tsaftace bango

Bango ba ya son cunkoso. Sunaye uku sun fi kyau a ido, kuma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba yau aka fara ba. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ka sa a rubuta "tare da gudummawar al'umma". Al'umma ba ta kai ƙara. Ranar buɗewa Yaya ta zo da 'ya'yanta mata biyu cikin sababbin kaya, ta karanta bangon daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. Ranta ya ɓaci sosai. Ta ja yaran suka zauna a kujerun baya.

Mataki na 5: Ka taka da kanka, ana ɗaukar hoto

A nan ne na so Darakta ya saurare ni ya ce ƙafarsa na ciwo. Ina, sai ya hau kujera ya danna ƙafa da ƙarfi. Keken ƙafa kuwa sai ka fara juya masa wili da hannu ya kama hanya, in ba haka ba baya yake komawa. Ya koma bayan. Zare ya sarƙe, allura ta karye, allon ya yi baƙi ƙirin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A allo na biyu Mai Gemu ya ɗaure hannunsa cikin zaren masaƙa, a na uku laka ta tashi daga faifai ta manne wa Farfesa a tabarau.

Darakta ya sulalo baya yana zufa ya durƙusa. "Yaya, don Allah ki rufa mini asiri."

"Je ka kira al'umma," in ji ta.

Sai ta hango wata tsohuwa a allo na biyu tana ratsa jama'a da faɗa, ta ture Mai Gemu daga masaƙarta. A na uku wani dattijo, mai faifan, na naɗe hannun riga. Yaya ta dubi kekenta da aka wulaƙanta, ta miƙe. Ta zaro allura daga jaka, ta warware zaren, ta juya wili. Tsohuwar ta ji bugun keken ta daidaita saƙarta da shi, dattijon ya bi su da faifai, haske ya cika alluna uku. Tafinta na tsaye da makirfo ba wanda ya neme shi. Da aka gama tsohuwar ta ɗago yadi ta nuna wa Yaya, Yaya ta ɗaga mata hannu tana dariya.

Mataki na 6: Ka ce da gangan ne

Kafin tafi ya lafa, kama makirfo. Darakta ya shaida wa 'yan jarida cewa karyewar allurar tana cikin tsarin, alama ce ta raunin ɗan Adam a gaban na'ura. Suka rubuta. Yana cikin bayani Yaya ta ciro allin ɗinki daga jakarta, ta taka benci, ta rubuta sunanta a saman nasa, da lambar waya, da "ana ɗinkin mata da yara". Sannan ta kira mai motar a-kori-kura ya ɗauke kekenta, saura kwana shida a rufe baje kolin.

Gargaɗi

Na yi alkawarin suna a bango, kuma na cika. Ban yi alkawarin na wa ne zai tsaya a sama ba. Gayyatar da ta zo daga ƙasashen biyu bayan wata guda a lambar da ke bango ta shigo, kuma Yaya ta ce tana iya tafiya da Auta in zai riƙe mata jaka. Saboda haka duk abin da ya same ka, babu hannuna babu ƙafata. Laifinka ne da ba ka caje jakar yayarka a bakin ƙofa ba.