Inuwar Mai Girma a Kan Farantanmu

Jikokina masu karatu, ku yi haƙuri in rubutun yau ya karkace, hannuna bai gama hucewa ba. Jiya da rana tsaka ni ce na sauko daga hawa na huɗu rungume da tukunyar wake. Ba wake a ciki, sai allurar ciwon sukarin maƙwabcina Wendell da 'yar ƙanƙarar da ta rage. An ɗauke wuta, firji ya yi shiru, zafin Arizona kuwa ba sai na gaya muku ba. Maganin nan da ya ɗumama ya tashi daga aiki, shi kuma Wendell ba ya iya zama babu shi.

Yana biye da ni yana dogara sanda, yana cewa, "Ofelia, bi a hankali, raina ne a tukunyar nan."

Na ce, "To ran naka ya yi nauyi, tsoho. Ka rage satar kek."

Mai kantin tsallaken titi yana da janareta, shi ya karɓa ya cusa mana tsakanin kwalaben lemo.

Za ku ce, ba ku ne aka sa wa sola a kan bene ba? Mu ne mana. An zo an ture tukwanen tumatir ɗinmu gefe, an jera farantan sola suna kallon kudu, an ajiye batir a ƙasa saboda irin wannan rana. Aiki ya yi kyau, ban ga abin kushewa ba. Satin farko har hawa Wendell yake yi yana gaishe su.

Sai babban ɗan siyasarmu, Mai Girma Uban Haske, ya zo buɗewa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya rubuta shi da haruffa masu girman mota. Ya yi jawabi, ya ce daga yau rana ta zama 'yar aikinmu, muka tafa. Can sai yaransa suka lura cewa ba a hango farantan daga titi. Wa zai san an yi mana alheri? Suka kafa wani ƙaton ƙyalle a bakin rufin, ta kudu, don nan babban titi yake, da hotonsa yana murmushi. Tun hantsi har la'asar inuwar bawan Allah tana kwance a kan farantan. Batir ya koma kamar ni kafin in sha kofi.

Na buga waya ofishinsa. Wata yarinya mai daɗin murya ta ce, "Kaka, ai ƙyallen nan ɓangaren aikin ne."

Na ce, "'Yata, shi ne ɓangaren da ya cinye sauran."

"Za a duba bayan zaɓe."

"To ki zo ki gaya wa sukarin Wendell ya jira. Ni ba ya jin maganata."

Ta yi min fatan wuni lafiya. Gaskiya suna da tarbiyya a ofishin nan, ba a taɓa ƙin taimakona cikin ladabi irin haka ba.

Yau da safe sai ga ƙawata Dolores, tsohuwar tela, da almakashinta a aljihun riga.

"Tashi, uwar surutu, mu je duba tumatir."

"Da almakashin yankan yadi?"

"Ganye ya yi yawa."

Muka hau muna haki, muna hutawa a kowane hawa. Abin da ya faru a can ni ban gani ba, tumatir nake kallo. Amma iskar garin nan ta ƙware, igiyoyin ƙyallen ɗaya bayan ɗaya take yankewa, a miƙe, ba ko zare. Kafin azahar fitilar batir ta koma kore. Wendell ya je da ƙafarsa ya karɓo maganinsa, ya sa a firjinsa, ya ja kujera ya zauna yana sauraron ƙugin injin kamar an kunna masa rediyo.

Kada wani ya ce mun wulaƙanta shugaba. Ba mu yar da shi ba. Mun ɗaure shi a kan sanduna, mun yi wa tumatir rumfa, dama rana ta kusa ƙone su. Yana can yanzu, yana ta murmushi da sararin sama.

Tun da na san Mai Girma, yau ne na fara ganin ya tsaya a rana saboda talaka. In ya ɗore a haka har tumatir su nuna, ƙuri'ata tasa ce.