Ranar da Wayata Ta Kama Jabu

Ranar kasuwar Tsanyawa na raka kawuna sayen maganin feshi, ina ta hura hanci da sabuwar wayata. Na nuna masa tambarin nan mai ɗigo-ɗigo a jikin kwalbar, na ce, "Kawu, haska shi kawai zan yi. In akwai jabu, yanzu waya za ta nuno shi ɓaro-ɓaro."

Manoma suka kewaye ni, mai shago ya fara gumi. Na gyara zaman hula, na danna. Ashe kyamarar gaba ce a kunne. Sai ga fuskata ta cika wayar, baki sake.

Kawu ya leƙo, ya jinjina kai. "Lallai wayar nan ba ta ƙarya."

Har yau in na ratsa kasuwar, mai shagon sai ya saito ni da wayarsa: "Malam, tsaya a duba ka!"