Ranar da Tasallah Ta Zare Wutar Banda

"Lahiya lau, angona. Ina gajiyar riƙon alƙalami? Allah shi sa bai karya maka hannu ba."

Da wannan tsohuwa Tasallah ta tarbi jikanta Bunyaminu, ko ɗago kai ba ta yi ba daga murhun da take bandar kifi. Shekara guda da samun mulkin kai, ofishin da yake wa aiki a Bagudo ya aike shi ƙauyukan bakin kogin Kwara, har iyakar Dahome, ya rubuto masu aiki. Takardar gida uku gare ta: manoma, masunta, masu saran itace. Da ya iso garinsu sai ya fara da gidan kakarsa, wai don ya samu sauƙi. Ka ji mutumin da boko ya mantar da shi halin kakarsa.

"Gajiya ta bi lahiya, tsohuwar matata. Har yanzu kina nan? Na ɗauka hayaƙi ya banda ki tare da kihin."

"In an banda ni ai saye na za a yi. Kai ko kyauta wa ka ɗaukar ka? Mi ka tahe da kai?"

"Gwamnati ta aiko ni in rubuta masu aiki. Gidan ga na sa Kawu Ango, masunci. Na sa ɗa nai Baƙo, manomi. Mutum biyu, shi ke nan."

"Ni hwa?"

"Ke ai ba ki aiki."

Shekara arba'in Tasallah ta yi a bakin murhun nan, har tafin hannunta ya daina jin zafin garwashi. Maganar ta soke ta ƙwarai, amma ba jikanta ne zai ga haka a fuskarta ba.

"Madalla. Ashe kihin ga da kai nai shi ka hawa raga shi kwanta."

"Takarda ta ce masunci shi na wanda ka shiga ruwa."

"Kwaɗo ma yana shiga ruwa. Ka rubuta shi?"

"Inna, ki bari."

"Itacen bandar ga, wa ya saro shi? Shinkahwar bayan gida, wa ya shuka ta?"

"Wannan duk taimako na. Kuma babu gidan mata cikin takarda."

"Wanda ya yi takardar daga ƙwai ya hito? To kai, wane gida kake cikin ukun?"

"Ni ma'aikaci na."

"Na sani. Sau guda ka taɓa shiga jirgin Ango, taru ya kamo ka. Munka juya ka, munka ga ba ka sayuwa, munka kai ka makaranta."

"Ko mi kika ce, doka doka ta."

Tasallah ta ce gaskiya ne. Ta sunkuya ta zare itacen murhu ɗaya bayan ɗaya, ta turbuɗa su cikin ƙasa har suka mutu. Sannan ta jawo tabarma inuwar zana, ta miƙe ƙafa. A kan raga kuwa kamun Ango ne na asuba gaba ɗaya, ko rabin gasuwa bai yi ba, ga rana ta take. Kafin la'asar sai dai ungulu.

"Inna, mi kike yi?"

"Ba ni aiki. Gwamnati ta hwaɗi."

"Kihin zai lalace!"

"Sai ka rufa mai takarda. In kawunka ya dawo ka karanta mai doka, ka san shi da haƙuri."

Bunyaminu ya san haƙurin Ango sarai, tun yana yaro kunnensa ya sani. Ya juya takardar da sauri, ya ja wani layi a bayanta.

"To, na rubuta ki. Tashi."

"Kihi na ganin ka, mai jar koma. Ban iya boko ba, amma ban makance ba. Ango gaba ka sa shi. Inda ka sa shi, nan za ka sa ni."

"In sunka kore ni daga aiki hwa?"

"Ina neman mai hura wuta."

Ya dubi kifin, ya dubi tsohuwar, ƙuda har ya fara sauka. Dariya ta ƙwace masa. Ya gyara takardar a gwiwa, ya rubuta a ƙarƙashin sunan Ango.

"Karanta in ji."

"Tasallah, masunciya."

"Ban ji ba. Ka ga tsuhwa."

Ya sake karantawa da ƙarfi. Ta ji sarai tun farko, daɗi ne ya kama ta, ta so ta ƙara ji. Ta tashi ta mayar da itacen, ta sa shi ya durƙusa ya hura har wuta ta kama. Sannan ta zaɓo ƙatuwar tarwaɗa daga bandar jiya ta danƙa masa, ta leƙa ta saman zana.

"Mariyamu! Khadijatu! Ku taho, angona yana rubuta masu aiki!"

Ta juyo ta dube shi.

"Ci, ka yi ƙarhi. Mu ashirin da bakwai muke bakin ruwan ga."