Shugaban ƙasa sau huɗu, layi ba kowa

Ba zan taɓa mantawa da ranar zaɓen ƙungiyarmu ta masu sayar da busasshen kifi a Yelwa ba. Masu dariya su ci gaba da yi, ni dai har gobe ban yarda na yi kuskure ba.

Lokacin ba a daɗe da dawowa mulkin farar hula ba, wani abokina Sani ya buɗe shagon kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai wani wasa: a ba ka ƙasa sukutum, ka tsara doka, ka gina asibiti, jama'a su zaɓe ka ko su kore ka. Sau huɗu ina cin zaɓe a jere! Kaina ya kumbura. Na ce wanda ya riƙe ƙasa, ƙungiyar kifi ce za ta gagare shi?

Sai na tsaya takarar shugaba. Abokin karawata Malam Bawa, dattijo ne da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Shi kullum yana yawon suna da ta'aziyya daga Shanga har Wara, ni kuwa ina shagon Sani ina rubuta manufofi goma sha biyu. Har da hana sayen ƙananan kifin da ake kwashewa da raga mai ƙananan ido (wannan kam gaskiya ce, ko an ƙi ko an so).

Mu ba ma jefa ƙuri'a. 'Yan takara ne ke juya baya, kowa ya bi layin wanda yake so. Na karanta takardata, na gyara hula, na fuskanci bango. Ina jin takun ƙafafu, ina murmushi.

Da aka ce mu juyo, sai na juyo da sauri in ƙirga layina. Mutum ɗaya ne a bayana: Sani. Shi ma aka ce ba ɗan ƙungiya ba ne, ya koma gefe.

Layin Malam Bawa kuwa har bakin rumfunan bandar kifi. Ta uku a ciki Innata ce, wadda ta haife ni, ta gyara mayafi abinta.

Na ce, "Haba Inna! Har da ke?"

Ta ce, "Ranar da ƙanena ya rasu a Ngaski, Bawa kwana ukku ya yi zaune bisa tabarma. Kai ina kake?"

Ina wa'adina na biyu ne a shagon Sani. Kasuwa ta ɗauki dariya, ni kuwa na ji kunya kamar in shige cikin kwandon kifi.

Manufofina suna nan cikin akwati, ban sauya ko ɗaya ba, kuma zan sake tsayawa. Abin da na koya guda ne: mutanen cikin kwamfuta ba a yi musu rasuwa. Yanzu ko akuyar ɗan ƙungiya ce ta mutu, ni ke fara isa jaje.