Ranar da Na Ruɓar da Kankanar Zuba

Ba zan taɓa mantawa da sati na uku da kama aikina a wani ɗan kamfani a Garki ba. Aikinmu shi ne tura wa dillalan kayan marmari na Zuba saƙon waya idan motarsu ta iso. An ba ni in gwada sabuwar manhajar turawa, ni kuwa don raha na rubuta saƙon gwaji: "Alhaji, kankanarka ta ruɓe."

Na tayar da manhajar daga baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na sa mata setsid a gaba (a intanet na gani, ya yi mini kama da aikin ƙwararru, ban san amfaninsa ba). Sai da layuka suka fara gudu na lura lambobin dillalai na gaskiya na ba ta, ba na gwaji ba. Na rufe tagar da sauri, na gyara zama.

Wayar ofis ta fara ƙara. Oga ya fito yana tambaya, na rantse masa na tsayar da abin. Ban rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara, ya karanta, ya juyo mini da fuskarta. Shi ma kankanarsa ta ruɓe.

Na lalubo lambar da kwamfuta ta ba aikin turawar don in kashe shi, kwamfuta ta ce babu shi. Saƙo kuwa sai fita yake. Wani dillali ya kira yana cewa ya riga ya zagi direbansa.

Anti Rifkatu, babbarmu a sashen, ta jawo kujera. Ta ce setsid ɗin nan raba aiki yake da taga, ya ba shi zaman kansa, don haka rufe taga ba ya taɓa shi. Aikin da nake nema kuma ya haifi wani aikin ya fice.

"Uban ya mutu tun ɗazu, ƙanena. Ɗan ne ke maka aiki."

Ta nemo shi, ta kashe da layin umarni guda. Oga bai kore ni ba. Waya ya miƙo mini, na wuni ina ba alhazai haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kowa a ofis yana saurare.

Tun ranar, duk umarnin da ban san yadda ake tsayar da shi ba, ba na tayar da shi. Saƙon gwajina kuwa yanzu "Barka da yini" ne, ko ya kuɓuce ba wanda zai zagi direba.