Ranar da Na Rungumi Akwatin Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa da yammacin zaɓen da ya wuce ba. Har yau in na bi ta gaban makarantar nan ta unguwarmu Aboabo inda muke jefa ƙuri'a, sai na ƙara sauri.

Ni tela ne, rediyo kuma shi ne abokin aikina. Yawan sauraron muhawarar siyasa ya sa na ɗauki kaina masani (matata dai cewa take bakina ya fi keken ɗinkina gudu). Da limamin unguwarmu ya nemi waɗanda za su kwantar wa matasa hankali ranar zaɓe, ni na fara ɗaga hannu. Aka raba mana fararen riguna, ya ja mana kunne: "Aikinku na baki ne kawai. Kada wanda ya taɓa kayan zaɓe."

Tun safe unguwa a ɗar-ɗar take. Ana ta yaɗawa a waya cewa wasu ƙarti, irin waɗanda muke kira maco, sun taru a unguwar Krofrom, za su zo a kan babura su sace akwati. Babu wanda ya gan su da idonsa, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya gani. Ni kuwa ina bin layi ina cewa, "Jama'a, a bar jita-jita," alhali ni kaina sai waiwayen bakin titi nake.

Da aka rufe zaɓe, aka ɗora akwatin a tebur a tsakiyar fili za a buɗe. Magoya bayan manyan jam'iyyu biyu suka yi cirko-cirko, waɗannan a dama, waɗancan a hagu, ana hararar juna. Mutanen da suka yi la'asar a sahu ɗaya, yanzu ko gaisuwa babu. Ɗan sanda ɗaya tal aka turo mana, shi ma sai sharce gumi yake.

Sai ga ƙarar babura daga bakin titi. A guje suka shigo, fuskoki a rufe da hular kwano, na baya rungume da wani ƙaton abu.

Ban san sa'ad da na kurma ihu ba: "Ga su nan! Maco!" Na tsallake igiyar da aka kewaye teburin da ita, na faɗa kan akwatin na ƙanƙame shi. A raina wai kare shi nake yi.

Jama'a ba haka suka gani ba. Su dai sun ga ƙato ya yi tsalle ya cafke akwati. "Ɓarawon akwati!" in ji wani. Na hagu suka ce ɗan dama ne, na dama suka ce sun daɗe da sanin na hagu ne. Wani ya shaƙe min wuyan riga, takalmi ya sauka a ƙeyata, na hango wani matashi ya sunkuya ya ɗauki bulo. Ɗan sandan ya murɗe min hannu yana daka min tsawa, Turanci da yaren Twi a cakuɗe. Wallahi a nan na fara kalmar shahada.

Liman ne ya kutsa tsakiya ya ɗaga sandarsa. "Ku dakata! Telanmu ne. Ba ɓarawo ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa." (Ban taɓa jin daɗin a kira ni matsoraci ba sai ran nan.)

Ana cikin haka masu baburan suka cire huluna. Na gaba Awudu ne, ƙanin matata. Ƙaton abin kuwa kular waakye ce, wato shinkafa da wake, an aiko su su kawo wa wakilan jam'iyyu da suka yini ba ci. Ya dube ni kwance a kan akwati, ya ce, "Yaya, lafiya? Ko in zuba maka ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Sai da jami'ar zaɓe ta sa wakilan ɓangarorin biyu suka dudduba hatimin akwatin, suka yarda bai karye ba, sannan aka sake ni. Ɗan sandan ya zaunar da ni a benci can gefe kamar ɗalibin da ya yi laifi, har aka gama ƙirga. A lokacin ne dariyar ta ɓarke, dama da hagu gaba ɗaya. Yinin ranar kaf, a kaina kawai suka yi ittifaƙi.

Na dai gane cewa ranar zaɓe ba mugu kaɗai ke iya kunna wa unguwa wuta ba, mutumin kirki da ya firgita ma ya isa. Da na je ba Liman haƙuri, ya ce ba komai, har ya tanadar min muƙami a zaɓe mai zuwa. Na gyara zama na ce wanne? Ya ce, "Gadin gidanka."