Yadda Za Ka Gyara Famfon Man Motarka a Gaban Surukinka

Kai da motarka ta ƙi tashi alhali surukinka yana zaune a ciki, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari motar za ta tashi. Maharazu na Ƙanƙara ya bi su ranar da ya ɗauko Alhaji Harisu, baban matarsa Suwaibatu, zai kai shi gaisuwar rasuwa Daudawa, kuma har yau ana maganarsa.

1. Kada ka kira mai wayarin

Ka tuna lokacin neman aure ka ce wa Alhaji ba abin da ba ka sani ba a cikin mota, shi kuma ya baza labarin a duk garinsu Ketare. Mutuncinka ne a kan gaba yanzu. Buɗe bonet, ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai kamar an yi maka laifi.

2. Saurari famfon

Murza makulli ba tare da ka tayar ba. Famfo mai lafiya yana ɗan kuka daga tanki. Tankin kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya, inda Alhaji yake. Kada ka tashe shi, rashin kunya ne. Durƙusa ka kafa kunne kusa da ƙafarsa. Da Maharazu ya yi haka, Alhaji ya dafa kansa ya ce, "Ai mun gaisa ɗazu, Allah shi yi maka albarka." Karɓi albarkar, famfon dai shiru.

3. Duba fis

Ciro su duka ka ɗaga wa rana ɗaya bayan ɗaya. Masana sun tabbatar cewa fis yana jin tsoron mai kallonsa. Idan ka manta ramin kowanne, mayar da su yadda launinsu ya yi maka kyau.

4. Nemo wa famfon wuta

Famfo ba ya tambayar daga ina wuta ta zo. Yanki wayarsa ka ɗaura a kan duk wadda ta fi kusa, ka naɗe da salatif. Ta kusa da hannun Maharazu ita ce ta hon. Ya danna hon, mota ta tashi. Ya saki, ta mutu. Ya ji daɗi ƙwarai, don ya gano ilimi.

5. Kada ka ɗaga hannu

Danna ka tafi. Awaki za su watse, masu babur za su zage ka, ka ɗauka gaisuwa ce.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Wai mi ke faruwa, Maharazu?"

"Baba, girmamawa ce. Babban mutum ba ya shiga gari shiru."

6. Isa wurin makoki

Nan ne ake gane gwani. Idan ka saki hon daga nesa, dattijo zai taka da ƙafa cikin rana, kuma kai ka jawo. Maharazu ya zaɓi ya kai shi har bakin tabarma. Liman ya katse addu'a. Matan maƙwabta suka leƙo suna neman motar amarya, wata har ta fara guɗa kafin a toshe mata baki.

Alhaji ya fito a hankali, ya gyara babbar rigarsa. Wani dattijo ya tambaye shi, "Alhaji, wanga ba shi ne mijin ɗiyarka ba, injiniyan nan?"

Maharazu ya washe baki yana jira. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Direban haya ne, a tasha na same shi."

Abin ya yi wa Maharazu ciwo, don ko tabarma ba a matsa masa ba.

Sanarwa

Alkawarina shi ne mota za ta tashi, kuma ta tashi. Ƙonewar waya, fushin liman da shirun da matarka za ta yi maka a gida, duk babu hannuna a ciki. Idan surukinka ya ce bai san ka ba, kada ka zo wurina, ni ma ban san ka ba.